Wankin Baba a Bayan Rumbu

Ba ni da haƙuri, kowa a gidanmu ya sani. Sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce "Uwata". Abin da yayyena maza ba sa iya faɗa masa ni nake faɗa, iyakaci ya harare ni. Shi ya sa lokacin da fitsarinsa ya tsaya, shekarar da na gama sakandare, aka haɗa ni da babban yayanmu muka kai shi asibiti. Shi don ɗauka da saukewa, ni don magana da ma'aikata.

Daga ƙauyenmu da ke gefen Tsiga muka fara zuwa Funtua. Can aka sa masa roba, fitsarin ya fito, aka tura mu babban asibiti a birni. Suka ce wata tsoka ce da maza ke da ita a bakin mafitsara, idan shekaru suka ja takan kumbura ta toshe hanya. Aka yi masa tiyata, aka cire robar, aka ce mu shirya komawa gida.

Ranar sallama wani matashin likita, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi aikin, ya zo bakin gadon ya rusuna ya gaida Baba. Da ganinsa na ce ɗan kudu ne, har na fara haɗa Turancina a zuci. Sai ya buɗe baki da Hausar da ta fi tawa zama. A Funtua aka haife shi, mahaifiyarsa har lokacin tana sayar da robobi da kwanuka a kasuwa. Ya ce suna wani bincike a kan mutanen da aka yi wa wannan aiki. Hanya biyu suke bi, wani a yanka ƙasan cibiya, wani a shiga da na'ura ba yanka, kuma suna son sanin yadda kowa ke ƙarewa bayan ya koma gida. Ya ce ba dole ba ne, ko Baba ya ƙi za a ci gaba da duba shi kamar kowa. Baba ya ce ai wanda ya buɗe maka hanyar fitsari ba ka hana shi tambaya. Wayar Baba kullum ba caji, sai na ba da lambata.

To fa. Duk bayan wani lokaci sai wayata ta yi ƙara, likitan ne.

"Ƙanwata, yaya jikin Baba?"

In ɗaga murya daga tsakar gida in tambaya. Daga ɗaki Baba ya ce, "Da sauƙi, Alhamdulillahi." In isar. Likita ya ce a ba shi Baban. Baba ya karɓa, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, ya tambayi mahaifiyarsa da kasuwa, ya sa masa albarka, ya miƙo mini wayata.

A kira na uku ko na huɗu na gaji. Na ce, "Likita, ya ce da sauƙi. Me kuma ake nema? Ka rubuta ya warke mana."

Ya yi dariya. "Kin manta inda aka haife ni. Na taɓa ganin mutum ana masa ƙarin jini, idonsa ba ya buɗuwa, aka ce yaya jiki ya ce da sauƙi. Ba abin da ya ce nake tambayarki ba yanzu. Ke me kika gani? Ya koma gona? Yana zuwa kasuwar Bakori?"

Na ce gona yana leƙawa, kasuwa dai yayana yake aikawa.

"A ina yake sallah?"



Masallacin unguwarmu katanga ɗaya ce tsakaninsa da gidanmu. Tun da na yi wayo Baba ne ke share shi, shi ke shimfiɗa tabarmi, kuma wurinsa a sahun farko, bayan liman, ba wanda ke tsayawa ko da ya makara. Takalmansa ma suna da wurinsu, gefen dama na ƙofa, kusa da randa. Amma tun da muka dawo daga asibiti a ɗaki yake sallah. Da farko mun ce ciwo ne bai gama warkewa ba. Wata ya wuce, wani ya bi bayansa, ya ce ƙafa ce. Ƙafar da ke kai shi gona ta dawo da shi. Liman, abokinsa tun suna yara, ya yi sallama a zaure ba sau ɗaya ba, Baba ya ce a ce yana hutawa.

Akwai kuma wani abu. Wata rana da hantsi na zagaya bayan rumbu neman kazarmu da ke ɓoye ƙwai, sai na hango Baba a tsugune gaban bokiti yana wanke wandonsa. Mutumin da ban taɓa ganin ya wanke ko hula ba. Ya matse, ya shanya a kan karan dawa inda ba a gani daga tsakar gida. Na ja da baya a hankali. Da na sami Inna na tambaye ta, ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "Ki bar shi." Daga baya na lura kullum da safe takan ajiye sabulu da ruwa a gindin rumbun ta wuce. Ita ta sani, shi ya san ta sani, kuma shekarun da suka yi tare ba su sa ɗayansu ya iya furtawa ba.

Duk na kwashe na gaya wa likita. Bai yi mamaki ba. Ya ce yakan faru bayan irin wannan aiki, fitsari ya riƙa zubowa mutum bai shirya ba, kuma dattijon da ke ganin tufafinsa ba su da tsarki ba zai shiga sahu ba.

Na ce, "To bari in je in same shi yanzu."

"Kada ki ce masa komai. Ranar Asabar zan zo gaida mahaifiyata, zan biyo."

"Asabar? Yau fa Talata."

"Wata nawa ya yi yana ɓoyewa? In kika tare shi yau, ke 'yarsa, zai ce ƙarya ne, kuma daga nan ba mai sake jin gaskiya a bakinsa."

Kwanakin nan sun yi mini tsawo. Ina kai wa Baba abinci maganar tana bakin harshena, in haɗiye.

Ranar Asabar da hantsi ɗan acaba ya sauke shi a ƙofar gida, ƙafar wandonsa duk ƙaya da ƙura. Lokacin kaka ne, Baba yana zaure yana ɓarar masara. Likita ya cire takalmi, ya zauna a gefen tabarma, ya ɗauki zangarniya ɗaya ya fara ɓara kamar an aike shi. Suka shiga hirar taki, da ruwan da ya ɗauke da wuri, da yadda tsutsa ta yi wa mutanen Dandume ɓarna. Na kawo fura na ajiye, na tsaya. Suka koma kan waken suya. Na gyara tsayuwa. Suka koma kan shanu.

Na ce, "Likita, ba masara ce ta kawo ka ba."

Baba ya girgiza kai. "Ka ga uwar tawa. Haka Allah ya yi ta, ba ta jiran tuwo ya huce."

"Ai tun a asibiti nas-nas suka haddace ta, Baba. Har yau in na ambaci gadonka sai su ce, na mai bakin nan?"

Baba ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba. Sai likita ya juya zangarniyar da ke hannunsa ya ce, "Baba, malaman gona sun taɓa ba ka iri na gwaji?"

Baba ya ce ƙwarai. Wata shekara sun kawo wata masara mai saurin nuna, ya shuka a gefen gona. Ta yi kyau a ido, amma iska ɗaya ta kwantar da ita, wadda aka samu kuma ƙwari suka cinye a rumbu.

"Da suka dawo me ka ce musu?"

"Na ce kada su kai wa kowa."

"Ba ka ji nauyinsu ba? Kyauta fa suka ba ka."

"Nauyi a nan ai cuta ce. In na yaba, baɗi gari duka ya shuka, wa ya jawo?"

Likita ya ajiye masarar. Ya ce, "To Baba, yau ni ne malamin gona. Da hannuna aka yi maka aikin nan, na san kana jin nauyina. Amma in ka ce mini lafiya lau, lafiya lau zan rubuta. Wani ya faɗa, wani ya faɗa, mu tara mu ce aikinmu ba shi da aibu. Gobe a kawo wani dattijo daga Malumfashi, a yi masa yadda aka yi maka, ba wanda zai gaya masa abin da ka iya biyowa baya, ba wanda zai nemi gyara. Gaisuwa mun yi ta a waya, Baba. Abin da na zo nema yau shaida ce."

A yankinmu in aka yi rikicin iyakar gona, Baba ake kira, don an san ko ɗan'uwansa ne ba zai matsar da dutse ba. Ban sani ba ko likita ya san haka. Na dai ga hannun Baba ya tsaya a kan masarar.

Can ya ce, "Uwata, je ki gani ko Innarki tana nemanki."

Inna ba ta nemana, mu duka mun sani. Amma ranar ban yi musu ba, na shige.

Abin da suka tattauna ban ji ba, kuma har yau ban tambaya ba. Sun daɗe, har inuwar zaure ta janye. Sau ɗaya na jiyo Baba yana cewa, "Har da goron?" da muryar wanda aka yi wa fashi. Inna tana tankaɗe, sai na ga ta sunkuyar da kai tana murmushi.

Da zai tafi na raka shi bakin hanya neman acaba. Ya gaya mini iya abin da Baba ya yarda a gaya mini: za a kai fitsarinsa gwaji a Funtua ko akwai ƙwayar cuta, ya koya masa wani motsa jiki na matse tsokar da ke riƙe fitsari, zai rage shayi da goro, kuma akwai ranar da zai koma asibiti. Na ce sallar fa? Ya ce ya gaya wa Baba wannan ba fagensa ba ne, shi coci yake zuwa, amma ya san malamai suna da magana a kan mai irin wannan lalura, kuma liman yana bayan katanga.

Na ce, "Zai warke ko ba zai warke ba? Ka gaya mini kai tsaye."

"Da yawa suna samun sauƙi a cikin watanni. Wasu ba ya ɗaukewa duka. Ban san a ina Baba zai faɗa ba, shi ya sa zan ci gaba da damun wayarki."

Na so ya ce zai warke. Har na ji haushi. Sai da ƙarar babur ɗin ta ɓace na lura cewa shi kansa ya ƙi ce mini "da sauƙi". Mutumin da ya bar hutunsa, ya biyo hanyarmu da ko 'yan acaba ke ƙorafi a kanta, don ya ji labarin da ba zai yi wa aikin hannunsa ado ba. Ni da nake ganin in kana son gaskiya sai ka finciko ta, na ga wanda ya zauna ya ɓare kusan rabin kwando kafin a miƙo masa ita.

Gwaji ya nuna ƙwayar cuta, aka ba da magani. Kwana kaɗan bayan haka Baba ya sa babbar riga ya zagaya gidan liman. Inna ce ta gaya mini daga baya, a taƙaice, cewa liman ya yi masa faɗa sosai, ya ce mai wannan uzuri ai an daɗe da yi masa rangwame, ya sa ƙyalle ya kiyaye abin da zai iya, ya zo ya tsaya a wurinsa.

Yoyon bai ɗauke gaba ɗaya ba, amma ya ragu ƙwarai. Na sani ne don bokitin ya bar bayan rumbu, wandunan Baba suka dawo cikin wankin gida, a kan igiya tare da na kowa. Wata la'asar ina wanke-wanke na jiyo ƙarar tsintsiya ta bayan katanga, irin sharar nan ta Baba mai ja a hankali. Na leƙa ta zaure. Takalmansa suna gefen dama na ƙofar masallaci, kusa da randa.

Da likita ya sake kira, ban kai ga ɗaga murya ba Baba ya fito ya miƙo hannu. Ya karɓi wayar ya nufi bayan rumbu da ita. Kafin ya sha kwana na ji ya ce, "Da sauƙi, likita, Alhamdulillahi. Amma ɗauko biro, in gaya maka inda sauƙin ya tsaya."