Ranar da Umma ta shiga makarantarmu

"Tsaya nan," in ji Umma, muna ratsa unguwar Sa'alaba a mota jiya da la'asar. Na taka birki.

Filin tsohuwar firamarenmu ta gwamnati ne. An rushe ta tare da gidajen da ke kewaye, ko katanga ba a bari ba.

A bakin ƙofar makarantar nan Umma ta yi ta sayar da gyaɗa bayan rasuwar Abba, har na gama. Amma ba ta taɓa taka cikinta ba, don mace ba ta shiga makarantar maza. Ko ranar da aka ba ni kyauta, daga bayan katanga ta ji an kira sunana a lasifika.

Ta fita da sandarta, tana taka ɓaraguzai a hankali.

"Ina ajin naka yake, Habibu?"

Na duba nan, na duba can. "Wallahi Umma, na kasa ganewa."

Ta daɗe tana kallon filin, sannan ta gyara mayafinta.

"Halas, shi ke nan. Yau dai na shigo."

Muka koma mota, muka kama hanyar gida.

'Yan Sa'alaba, don Allah akwai mai hoton cikin makarantar? So nake ta gani.