Ragon da Ya Sha Maganin Safara'u

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Malama Baraka, rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mani. Sunanta ke za ki sa can sama, ni ban faɗi, 'yar fari ce.

Allah Ya ɗauki ɗiyata ranar Talata da hantsi, cikin watan azumin tsofaffi, a asibitin Ƙanƙara. Ta haihu a gida, jini ya ɓalle, aka ɗauko ta bisa mashin daga 'Yargoje. Ɗan ya rayu.

Yarinya, ke kika ɗauko ni ranar da 'yan bindiga suka tashe mu daga ƙauyenmu, kika roƙi gidan mijinki suka ba ni ɗakin da ake zuba ƙaiƙayi. In an raba tuwo, sai ki gutsuro naki ki ce kin ƙoshi. Na san ba ki ƙoshi ba, amma na ci. Ke ke yanke mani farce, ke ke tauna mani goro tunda haƙora suka zube. Wa ya rage mai yi mani wannan?

Da cikin ya shiga, kika je awo. Ma'aikaciyar ta ja fatar idonki, ta ce fari fat, ba jini. Ta ba ki jajayen ƙwayoyin nan na ƙarin jini, ta ce kullum ɗaya har ki haihu. Kika fara sha. Zuciya na tashi, bayan gida ya yi baƙi, kika faɗa wa uwar mijinki, Hajiya Dada. Ta ce, "Ai ga shi nan, ya fara ƙona maki hanji. Kuma shi ke kumbura ɗa, a kai mace a yanka. Mu da muka haifi goma me muka sha?" Ta karɓe.

Ba ta zubar ba, yarinya. Mijinki, Malam Rabo, yau na faɗi sunan suruki, Allah Ya yafe mani, shi ya ce abin da ke kumbura ɗa ai zai kumbura rago. Ya ɗaure ragon suna a bakin rumbu. Kullum sai ya daka ƙwaya ɗaya ya zuba cikin dusa, bai taɓa mantawa ba. In sun ƙare ya ce, "Tashi ki tafi awo, maganin rago ya ƙare." Ki tafi da ƙafafu kumbure, kina haki, kina tsayawa gindin kowane icce, ki amso ki miƙa mashi. Matan gida na dariya. Ke kina cin farar ƙasa a bayan ɗaki, jiri na kada ki bakin turmi, ana cewa son jiki.

A asibiti suka ce a kawo jini. Mijinki ya ce shi manomi ne, damina na tafe, ba shi da na bayarwa. Na miƙa hannuna, suka ce na tsufa.

Jiya aka yi suna. Aka yanka ragon, jini ya cika kwatami, mahauci na yaba kitse. Suka aiko mani da hanta a kwano. Tana nan, ban taɓa ba.

Tsoro nike ji, Malama. In an karanta wannan gabansu, ɗakin ƙaiƙayin ma fidda ni za su yi, kuma ban da inda zan nufa. Amma rubuta. Autata Shafa'atu na auren ƙanen Malam Rabo a gidan nan, cikinta ya fito. Shekaranjiya na ja fatar idonta na duba. Ranar kasuwa kuma mijinta ya shigo da ɗan rago, ya ɗaure a turken nan dai.

Allah Ya jiƙanki, yarinya. Ya sanyaya makwancinki, Ya ba ki ladan shahada, Ya raya abin da kika bari. Ina yi wa Hajiya Dada gaisuwa, ina yi wa Malam Rabo gaisuwa. Allah Ya ba su haƙuri, Ya ba su tsawon rai su riƙa tunawa.

Ku da ke da iko da gidan nan, liman da mai unguwa, ku zo ku duba idon Shafa'atu. Gobe take zuwa awo.