Hoton Kawu Sale a Gonar Shinkafa

Ina tankaɗe a tsakar gida, 'yata Rabi ta dawo daga Kura da takardun da aka buga mata a shagon kwamfuta. Jibi za ta gabatar da aikinta kan noman rani a makaranta, kuma ta ce da ƙafarta ta je gonar ƙanena Sale da ke Bunkure ta ɗauko hotunan.

Na buɗe. Hotonta na shafin farko fes, har kwallin idonta ana gani. Na gonar kuwa duk ya farfashe, da ƙyar na gane mutum da malafa a cikin shinkafa.

"Wane ne wannan?"

"Kawu Sale ne, Umma. Tawadar injin ce ta yi ƙasa."

"Tawadar ta san fuskarki amma ta manta ta kawunki? Wannan ƙaton tsaunin da ke bayansa fa, yaushe ya tsiro a Bunkure?"

Ta hau murza bakin hijabi.

Ban ce daga intanet ta kwaso ba, tunda ban gani da idona ba. Na dai riƙe takardun, na ce gobe ta ari kyamara ta shiga taɓon nan da kanta.

Gara ƙaramin maki da hoton gaskiya. Iyaye mata, na tsananta ne?