Baƙin da Gwamnati Ta Kawo Mana

A shekarar korona ni ce mai girki a gidan tsofaffin da zumuntar matan ikilisiyarmu ke riƙewa a Kafanchan, can bayan tsoffin kwatas na ma'aikatan jirgin ƙasa. Ba wani babban gida ba ne, ɗakuna ne a jere da madafa da bishiyar mangwaro a tsakar gida. Yawancin tsofaffin rikici ne ya raba su da ƙauyukansu, wasu kuma 'ya'yansu sun tafi Abuja sun manta hanyar gida. Da baikon Lahadi, wato sadakar da ake tarawa a majami'a, muke ci, da abin da mata ke kawowa bayan sujada: wannan doya, waccan mudun acca, wata ɗan manja a kwalba.

Da aka sa dokar kulle aka rufe majami'u, duk wannan ya tsaya cak.

Muna cikin wannan hali sai ga wani jami'in walwalar jama'a daga ƙaramar hukuma. Mun san shi tun yana zanin goyo, domin uwarsa 'yar zumuntarmu ce, tare muke waƙa da ita har Allah ya karɓi ranta. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya gaida shugabar gidan, tsohuwar malamar firamare da kowa ke kira Mama. Ya ce an ba su umarni su kwashe masu kwana a tashar jirgi da rumfunan kasuwa, amma ba su da inda za su kai su.

"Mama, ku dai ku karɓe su," in ji shi. "Abinci, sabulu, magani, duk gwamnati za ta ɗauka, har da na tsofaffinku. Nas ma za ta riƙa zuwa duk mako."

Mama ta ce, "Ɗana, waɗanda ke hannuna ma da kyar nake ciyar da su."

"Ai shi ya sa na fara da ku, Mama. Gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa."

Bayan ya tafi Mama ta ce mini ɗan marigayiya ba zai yi mana ƙarya ba. Ni ma haka na gani.

Washegari aka sauke mana su daga bayan wata farar mota. Cikinsu akwai wata makauniya da ba ta jin Hausa sosai, da wani dattijo, tsohon ɗan dako a tasha, da gyambo a ƙafarsa. Tare da su aka sauke buhun shinkafa da katan ɗin sabulu da bokiti mai famfo. Aka jera mu a gindin mangwaro aka ɗauki hoto. Muka shimfiɗa tabarmi har a ɗakin addu'a.

Wannan buhun shi ne na farko, shi ne na ƙarshe.

Da shinkafa ta ƙare na koma tuwon masara, da masara ta yi ƙasa na koma kunu, ina tsinka shi da ruwa har ina ganin gindin tukunya. Mama na kiran jami'in a waya, yana cewa ana kan shiri, daga baya ya daina ɗauka. Wani Alhaji mai sayar da hatsi, wanda muke ciniki da shi tun da, shi ya aiko mana da dawa a ranar da aka sassauta doka don cin kasuwa, ya ce a yi masa addu'a kawai. Nas kuwa ko inuwarta ba mu gani ba. Ni nake wanke wa dattijon ƙafa da ruwan gishiri, yana ba ni labarin zamanin da jirgi ke cika tasha da mutanen kudu da na arewa. "'Yata," yakan ce, "a tasha yunwa tana yawo, a nan kuwa ta samu wurin zama." Sai ya yi dariya.

Zazzaɓi ya kama shi, tari ya biyo. Mama ta kira duk lambar da aka ba mu. Wata safiya na kai masa kunu na tarar ya cika.

Ranar ne gwamnati ta zo da sauri. Motoci suka cika ƙofar gida, wasu sanye da fararen kaya har kai suna feshi, maƙwabta na leƙe ta katanga. Wata babbar jami'a ta zagaya ɗakuna tana toshe hanci, ta fito ta tsaya kan Mama.

"Wa ya ba ku izinin cusa mutane haka a lokacin annoba?"

Mama ta nuna jami'in da ya kawo mana mutanen, domin tare da su ya zo. Yana tsaye bayan matar, takunkumi a fuskarsa. Na zuba masa ido ina jira.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, mun shawarce su kada su ɗauki fiye da ƙarfinsu."

Ban san lokacin da na ce, "Kai, ɗana, ka ji tsoron Allah!" ba. Bai ɗago ba. Mama ta nemi kujera ta zauna.

Aka ba da umarnin rufe gidan, kowa a mayar da shi wurin danginsa. Har yau ba a gaya mana ko korona ce ta kashe dattijon ba. Matan zumunta suka raba tsofaffin da ba su da kowa a tsakaninsu. Waɗanda aka kwaso daga tasha kuwa, yawancinsu can suka koma da ƙafarsu. Makauniyar ni na tafi da ita gidana, muka zauna har wani jikanta ya ji labari ya zo daga wajen Kagoma ya ɗauke ta a babur.

Mama ba ta sake riƙe wani aiki a ikilisiya ba. Jami'in kuwa an ƙara masa girma. Bara na gamu da shi a wajen wani biki, ya taso daga kan babban tebur ya durƙusa a gabana yana tambayar lafiyar gida. Mutane na kallo, na ce lafiya lau. Ya aiko yarinya da farantin shinkafa da nama, na ce ta kai wa yara.

Gidan yana nan, dattawan ikilisiya sun ba wani ɗan kasuwa haya. Citta yake ajiyewa a ciki.