Muntaka da Wutar Majigi

Muntaka mai tsire mutumin Ruma ne, amma a kasuwar Batsari aka san shi, ran kasuwar Runka kuma yakan ɗora kaya a jaki ya nufi ƙasar Safana. Mahauci ne ɗan mahauci. Shi zai yanka, shi zai feɗe, shi zai gasa, da yatsu yake ɗaukar garwashi ya gyara tukuba yana ciniki. In ana zancen wuta sai ya ce shi da ita tare suka tashi.

Bayan sojoji sun dawo daga yaƙin Bama, Turawa suka aiko da motar majigi, wai a nuna wa talakawa yadda ake noman gyaɗa, sai ka ce kafin zuwansu ciyawa ake ci. Da la'asar motar ta iso Batsari, ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba. Malamin majigin, wani Daudu, ya ja wayoyi daga inji, ɗaya ta bi ta kan faifan naman Muntaka. Ya tayar da inji don gwaji, ya ɗaga murya ya ce, "Kada kowa ya taɓa, da wuta a ciki!"

Muntaka ya dubi wayar. Ba hayaƙi, ba ja. Ya kara bayan hannu kusa da ita, ko ɗumi babu. Ya yi tsaki, ya kama ta da jiƙaƙƙen hannu don ya janye ta daga kan nama, ashe daidai inda fatarta ta saɓule ya kama. Hannun ya damƙe ya ƙi saki, jiki na ta kaɗawa, sai da aka kashe inji ya faɗi.

Da ya farfaɗo, tabon da ke tafinsa bai fi ƙwayar wake ba. Amma yatsun dama sun lanƙwashe, wuƙa ba ta zama a cikinsu. Ga bugun zuciya, ga mantuwa. Matarsa Tasalla ta kai shi gun wanzami aka yi ƙaho, aka sha rubutu, wasu suka ce iska ce. Hannun dai sai ƙara ramewa yake.

Da kaka motar ta sake biyowa, Muntaka ya kai Daudu ƙara yana neman diyyar hannunsa. Alƙali ya jujjuya hannun, bai ga sara ba, bai ga karaya ba. Ya ce, "An ce maka da wuta a ciki?"

"Allah shi gafarta Malam, an ce. Amma ni wuta na sani, wannan ba ita ba ce. Da ya ce mani maciji ne, wallahi da ban taɓa ba."

"Ka dai ji ya ce wuta?"

"Na jiya."

"To, kai ka kai hannunka."

Shari'ar ke nan. Ba wanda ya tambayi abin da ya kawo saɓulalliyar waya kan naman mutane, don motar ta gwamnati ce, alƙali kuwa yana son rawaninsa. Abin takaici, har a majalisar aka yi dariya.

Muntaka ya koma tukuba. Ƙanensa Labaran ke yanka, shi kuma ya koyi juya tsinke da hagu, tsirensa bai rage daɗi ba. Sai dai ba mai son a miƙo masa abin ci da hagu. Masu saye suka riƙa ratsewa ɗaya bayan ɗaya.

Ran wata kasuwa liman ya zo, mutumin da tun yana ɗalibi yake cin tsiren gidansu. Muntaka ya zaɓo mai kitse, ya barbaɗa yaji, ya miƙa yana cewa, "A yi haƙuri da hannun, Malam." Liman ya yi masa addu'a doguwa, hannayensa na cikin riga, sannan ya ce, "Labaran, karɓa ka miƙo mani."