Allurar da Baba Ya Ƙi

Ko zan manta komai na shekarun da muka yi muna noman rani a ƙasan madatsar ruwa ta Goronyo, ban da ranar da bel ɗin injin ban-ruwa ya kama wandon Baba. Ya maka shi da ƙasa cikin albasa, ƙashin cinyarsa ya karye. A bayan a-kori-kura muka kai shi asibiti, ni da ƙanensa.

Baba akwai taurin kai, na san halin tunda ni na gaje shi. Gumi na tsiyaya, leɓensa ya bushe, amma kowa ya yi masa sannu sai ya ce da sauƙi. Nas ɗin da ta karɓe mu ta ce dole a miƙe ƙafar a ɗaure kafin a wuce da shi Sakkwato, in ba haka ba jini zai yi ta taruwa a ciki. Ba kuwa mai jure wannan sai da allurar mofin. Jin cewa tana sa barci, sai Baba ya janye hannunsa.

Na zaci jarumta yake nuna mana. Na yi magiya, na yi faɗa, har na fashe da kuka don tsoron rasa shi. Nas ɗin kuwa ta jawo kujera ta zauna, ta ce, "Baba, mi kaka tsoro?"

Ya dube ta ya ce, "Ɗiyata, in ajali ne yaz zo, ba ni son shi iske ni cikin magagi. So nikai in cika da kalmar shahada."

Nas ɗin ta yi masa bayani a tsanake, cewa maganin yana dushe zafin ne a ƙwaƙwalwa, kuma ta jijiya za ta riƙa tura shi kaɗan-kaɗan. Haɗarinsa shi ne rage numfashi, don haka idonta na kan ƙirjinsa, ga kuma wata allura a kusa mai karya shi nan take.

"Kai dai yi ta salati. Da na ji harshenka ya yi nauyi, sai in tsaya."

Ya miƙo hannun, ta fara tura maganin. Muryarsa na rawa ya fara salati, can sai ta daidaita, kafaɗunsa suka sauka. Aka ja ƙafar aka ɗaure, ya ɗan cije, amma salatin bai yanke ba. Da aka gama, ya harari ƙanensa ya tambaye shi wa ya bar wa ruwa a buɗe, albasa za ta ruɓe. Nan na zube ƙasa ina dariya da hawaye, ina hamdala.

Baba ya warke, sai ɗan ɗingishi. Tun ranar na gane cewa in mutum ya ƙi abin da zai cece shi, kafin a yi masa faɗa, a zauna a tambaye shi abin da yake tsoro.