Farfesa a Shagon Mai Gyaran Waya

Dogon dattijo ne, furfura ta cinye gemunsa, fensir a aljihun riga. Yana zaune a bencin mai gyaran waya, riƙe da tsohuwar waya cikin hankici kamar ƙwai. Da gani bai saba jiran wani ya gyara masa na'ura ba.

Mai gyara, tsohon ɗalibinsa, yana dariya. "Farfesa, shekara talatin kana koyar da kimiyyar kwamfuta, kullum a ajiye komai wuri uku. Kai kuma fa?"

"Aikin ɗalibai na ajiye. Abin da ke cikin wayar nan muryar maiɗakina ce, Allah Ya jiƙanta. Na ɗauka kullum zan ji ta a gida."

Mai gyara ya haɗiye dariyarsa, ya kashe rediyo. Farfesa ba ya kallon abin da ake kwancewa. Titi yake kallo, leɓɓansa suna motsi.